Zoben da Kawu Nicanor Ya Ba Ƙaguwa Ajiya

Kawu Nicanor, ƙanen mahaifiyata, ya dawo Punta Gorda daga Cayman da haƙorin zinare ɗaya, da agogo mai faɗin murfin gwangwani, da labarin wani kifin shak da ya nausa a hanci. Ranar da ya sauka, kifin tsawon benci ne. Kafin Kirsimeti ya kai tsawon cocinmu, har da wurin ajiye kekuna.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a can. A faɗarsa, shi ne shugaban masu nutso na wani babban otal, turawa na layi don su sauka ƙarƙashin teku a bayansa. A faɗar Mama kuwa, rigunan roba yake wankewa a bayan otal ɗin yana shanya su a igiya. Ni da nake aiki a wani shagon nutso a West End, nake sauka da baƙi sau biyu kullum shekara huɗu ke nan, sunana a wurinsa "yarinyar nan mai wasa a bakin ruwa".

Wata Litinin aka wayi gari ya kafa allo a ƙofar gida: HUTUN NUTSO NA KYAFTIN NICANOR. Doña Casilda, mai burodin kwakwa da tagarta ke kallon tamu, ta tsallako da gari a hannu ta karanta a hankali.

"Nicanor, ina jirgin?"

"Yana tafe."

"Tukwanen iskar numfashin fa?"

"Suna tafe."

"To me ya iso?"

Ya buga ƙirji. "Ni."

"Ashe abin da ya fi nauyi shi ya riga isowa," ta ce, ta koma bakin tandarta.

Kwana tara allon yana shan rana, sai ga baƙo. Sunansa Rigoberto, mai kantin magani daga Santa Rosa de Copán, dogo, siriri, yana magana kamar mai neman gafara. Ya zo hutu da budurwarsa Dinora, malamar jinya, amma ya baro ta a masauki ya sulalo shi kaɗai. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya fito da wani ƙyalle daga safarsa. Zobe ne a ciki, na kakarsa, wanda ya yi shekara sittin a yatsanta.

"So nake in nemi aurenta a ƙarƙashin ruwa, Kyaftin, saboda tana son teku. Amma mahaifiyata ta ce in Dinora ta ƙi, in mayar mata da zoben. In kuma ya ɓata, kada in mayar mata da kaina."

Kawu ya karɓi zoben ya ɗaga shi a rana kamar maƙerin zinare.

"Ɗana, ka zo gidan. A Cayman na ɗaura irin wannan sau arba'in. Ɗaya ma a cikin jirgin da ya nutse."

Nan take ya zana shirin a kan yashi da ɗan yatsan ƙafa. Ranar Asabar da safe zai sauka ya ɓoye zoben a cikin katantanwa. Da hantsi a sauka da masoyan. Rigoberto ya ɗaga allo mai ɗauke da tambayar, ya ɗauko katantanwar ya miƙa. Da ta amsa, Kawu zai saki jar balan-balan ta taso saman ruwa, makaɗan da ke jira a kan gadar jiragen su ɗauki ganga, duk unguwa ta ci machuca, wato kirɓaɓɓiyar agada da romon kifi da kwakwa. Rigoberto ya yi ta gyaɗa kai har ƙwalla ta taru masa.

Da ya tafi, Mama ta kira ni kicin.

"Yolani, ki aro kayan a wurin aikinki, ki bi shi. Kada ya kashe 'ya'yan mutane."

"Mama, ai kyaftin ne."

"Kyaftin ɗin igiyar shanya. Ki bi shi na ce."

Jirgi, Don Ambrosio masunci ya ba da nasa, da sharaɗin shi zai tuƙa. Tukwanen iska da riguna ni na kawo. Allon rubutu ne muka manta, sai Kawu ya je ya lallaɓi Doña Casilda ta ara masa farin allon robar da take ratayewa a taga in ta sayar da burodin ƙarshe. Ya juya bayan allon ya rubuta da manyan baƙaƙe: DINORA, ZA KI AURE NI?

Asabar da sassafe ya shige ɗaki da rigar roba. Minti ashirin ba mu ji komai ba sai nishi da ƙarar gado. Na buga ƙofa, shiru. Sai na matse hanci na siranta murya, na yi irin ta Rigoberto, har da ɗan tarin da yake yi kafin magana.

"Ehem. Kyaftin, ka yi haƙuri, na zo da Dinora ta gaishe ka."

Ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Ga Kawu ya sa rigar gaba a baya, zif ɗin ya maƙale a kan cibiya, hannu ɗaya a ciki, ɗaya ya lanƙwashe a bayan wuya kamar fiffiken kazar da aka gasa. Yana murmushi da haƙorin zinare, yana neman baƙi.

"Suna ina?"

"Sun koma, Kawu. Sun ce ba su san kana wanka ba."

"Zan faɗa wa uwarki."

"Ga ta nan a bayanka tana dariya."

Sai da Doña Casilda ta kawo man kwakwa rabin kwalba. Ita ta ja ta gaba, Mama ta ja ta baya, matan layi uku suna ba da shawara ta taga.

"Ku fara da tumbin."

"A'a, in tumbin ya fita wa zai mayar da shi?"

"A Cayman," in ji Kawu daga cikin robar, "ma'aikata biyu ke sa min riga."

"Nan ma biyu ne," Doña Casilda ta ce. "Shaƙe numfashi."

A jirgi na tofa yawu a gilashin fuskata na goge, kamar yadda kowa ke yi don kada ya yi hazo. Kawu ya yamutsa fuska. Ya ce wannan ɗabi'ar 'yan ƙauye ce, ƙwararru magani suke sawa. Ya fito da ɗan gwangwanin man zafi na ciwon baya ya shafe gilashinsa ciki da waje, ya ɗaura. Na ƙirga a zuci. Ban kai bakwai ba ya fizge shi, hawaye na zuba kamar an kunna famfo.

"Kawu, lafiya?"

"Teku nake tunawa. Mun daɗe ba mu haɗu ba."

Da muka wanke gilashin, ya zauna a gefen jirgi don ya faɗa ruwa ta baya. Ya gyara zama, ya ƙame, ya faɗa. Sai dai ya manta wane gefe ne ruwan, ya sauka cikin jirgi a kan bokitin kifin tarko, ƙafafu a sama. Don Ambrosio ya cire taba daga baki.

"Tekun na wancan gefen, Kyaftin."

Ya faɗa daidai a karo na biyu, amma bai ɗaura ɗamarar dalma ba, wai nauyinsa ya isa. Ya yi ta shawagi a saman ruwa, baya a sama, kamar ƙwaryar da aka kifa. Na ɗaura masa dalmar, na riƙe hannunsa, muka sauka mita shida, inda farin yashi ya haɗu da duwatsun murjani. A gaskiya ya yi ƙoƙari. Idanunsa sun cika gilashin, ƙafafunsa na tuƙa keken da babu shi, amma ya sauka. Ya zaɓi wata ƙatuwar katantanwa mai jan baki a gindin dutse, ya leƙa, bai ga kowa ba, ya cusa zoben a naɗe cikin jan ƙyalle. Na nuna masa igiyar da na zo da ita don mu ɗaure ta a dutsen. Ya kaɗa min yatsa.

Da muka taso na ce, "Kawu, da ka bari mun ɗaure."

"Yarinya, katantanwa ƙafa gare ta?"

Ƙarfe goma sha ɗaya muka ɗauko baƙin. Gadar jiragen ta riga ta cika: makaɗa huɗu da gangunansu, tukwanen romon kifi da kwakwa a kan wuta, mata na kirɓa agada a turmi, kowa na yin kamar ba ya kallon Dinora. Ita gajeriya ce, mai shiru-shiru, ta duba kayanta ɗaya bayan ɗaya da hannun da ya saba. A hanya na yi bayanin da nake yi wa kowane baƙo. A ƙarƙashin ruwa ba a magana, da hannu ake yi. In komai lafiya, ka haɗa babban yatsa da manuni su yi zagaye. In ka ɗaga babban yatsa sama, ma'anarsa ɗaya ce tak: mu hau, a fita daga ruwa. Dinora ta ce ta sani, shekararta shida tana nutso. Rigoberto bai ji ba, ya rataya a gefen jirgi yana mayar wa teku karin kumallonsa. Kawu ma bai ji ba, yana ba Don Ambrosio labarin kifin shak, wanda a ranar ya samu mata da 'ya'ya.

Muka sauka. Ruwan garau, rana na zuba ta sama, ƙananan kifaye masu ruwan ɗorawa na ratsa mu. Muka isa gindin dutsen. Babu katantanwa.

Kawu ya zagaya dutsen. Ya sake zagayawa ta ɗaya hannun, ko za ta fito. Ya ɗaga kai, sai ya hango abin da ni ma na hango: can kan yashi, katantanwa kusan goma, kowace na tafiya abinta a hankali, ƙafafu masu gashi na leƙowa ta ƙarƙashi. Ƙaguwar nan ce mai shiga gidan da ba ita ta gina ba. Wadda ya ba ajiya tana can ciki a lafe lokacin da ya leƙa, da muka tafi ta kwashi gidanta da zoben mutane ta yi gaba.

Wani kumfa ya fita daga bakin Kawu, mai girman kwando. Ya bi su da gudu, in abin da ya yi gudu ne. Ya tayar da yashi, ya rungumi wata, ta zille, takalmin ninƙayarsa ɗaya ya fita ya tashi sama shi kaɗai. A ƙarshe ya cafko ɗaya ya tura a jakar raga, ya dawo yana buga jakar, yana yi wa Rigoberto alamar an gama, ka ci gaba.

Rigoberto ya durƙusa a kan yashi. Ya ciro allon daga bayansa ya ɗaga da hannu biyu a gaban Dinora. Ni ina bayansa, sai na ga rubutu yana kallona: DINORA, ZA KI AURE NI? Wato in gaskiya za a bi, ni aka tambaya. Ita kuwa gefen Doña Casilda take karantawa, wanda duk Punta Gorda ta haddace: BURODI YA ƘARE.

Dariya a ƙarƙashin ruwa aiki ce. Na danne bututun numfashi da hannu don kada ya fita, na matso ina juya tafin hannu, ina nufin ya juya allon. Ya ɗauka ƙarfafa masa gwiwa nake, ya ƙara matsa shi kusa da fuskarta.

Dinora ta karanta. Ta sake karantawa. Ta dubi idonsa, ta kamo agogon iskarsa ta duba, ta dubi Kawu mai takalmi ɗaya. Sai ta ɗaga babban yatsa sama, da ƙarfi, sau biyu.

Rigoberto ya saki allon ya rungume ta. Kawu ya tsinci allon, ya ja zaren balan-balan. Kafin mu kai saman ruwa muna jin gangunan ta cikin ruwa, dum, dum, kamar zuciyar teku ce ke bugawa.

Daga nan zuwa gada minti biyar ne, kuma injin Don Ambrosio ba ya barin mutum ya ji ko tunaninsa. Rigoberto na kuka yana amai a lokaci guda. Dinora ta riƙe wuyan hannunsa tana ƙirga bugun jini. Kawu ya miƙe a goshin jirgi, allo a hammata, yana ɗaga wa jama'a hannu kamar wanda ya ci zaɓe. Da na so, da na raɗa wa wani wani abu. Ban so ba.

Muna isa aka ɗauke Dinora cak aka dire a tsakiyar fili. Mata na rawa, an rataya mata furanni, wata tsohuwa ta sumbace ta a goshi tana cewa Allah ya ba da 'ya'ya masu hankalin uwarsu. Dinora ta juyo wurina.

"'Yar'uwa, bikin wa ake yi?"

"Naki."

Ta ɗaga hannu. Makaɗan suka tsaya ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshen ya ƙara bugu biyu don kunya.

"Rigo, me ke faruwa?"

"Kin amsa, masoyiyata. Kin ce e."

"Na ce e ga me?"

"Ga... ga abin da na rubuta."

"Burodi ya ƙare?"

Doña Casilda ta ajiye ludayi, ta zare allon daga hammatar Kawu, ta juya shi gaba, ta juya shi baya, ta ɗaga wa jama'a su gani. Wani a baya ya fara wani irin sauti kamar tayar da ke sacewa.

"Na ɗauka iskarka ce ta ƙare ka rasa yadda za ka faɗa," in ji Dinora. "Ko kuma kanka ya juye. Shi ya sa na ce mu hau."

"Amma kin ɗaga yatsa."

"Shi ne mu hau ɗin."

"A Cayman," Kawu ya fara.

"A Cayman ma haka ne, Baba. A can na koya. A wane shago ka yi aiki?"

Kawu ya dubi agogonsa, kamar sunan na rubuce a jiki.

"Ba zai tuna ba," Mama ta ce. "Ta ƙofar baya yake shiga."

Rigoberto bai yi dariya ba. Fuskarsa ta koma kalar madarar kwakwa.

"Kyaftin, zoben. Ka ba ni zoben kakata kawai."

Nan Kawu ya farfaɗo. Ya hau kan akwatin ƙanƙara don kowa ya gan shi, ya ciro katantanwar daga jaka, ya ɗaga ta sama.

"Jama'a, ƙaramin kuskuren rubutu ne, yana faruwa a manyan wurare. Amma aikin ƙwararre, ga shi. Makaɗa, a hankali."

Ganga ta fara ƙasa-ƙasa. Ya naɗe hannun riga, ya zura manuninsa cikin katantanwar har gindi. Ya tsaya. Murmushin bai bar fuskarsa ba, amma idanunsa suka fara fitowa.

"Ka samu?" Doña Casilda ta tambaya.

"An samu," ya ce da wata 'yar siririyar murya.

"Wa ya samu wa?"

Ya diro daga akwatin yana yarfe hannu, katantanwar na biye da shi. Ya zagaya tukunyar romo sau biyu. Makaɗan, da suka ga ƙafafunsa, suka ƙara sauri don su yi daidai da shi, wasu mata ma suka shiga. Don Ambrosio ne ya tare shi, ya leƙa cikin katantanwar da ido ɗaya.

"Babu ƙyalle a nan. Wannan maƙwabciyarta ce."

Rigoberto ya zauna a ƙasa, a inda yake, ya rufe fuska.

Dinora ta dube shi. Ta cire furannin ta rataya wa Doña Casilda.

"Yolani, akwai sauran iska?"

"Tukunya biyu."

"Mu je."

Muka bar Kawu durƙushe a bakin gada, hannunsa cikin bokitin ruwan teku, domin Don Ambrosio ya ce ƙaguwa ba ta saki sai ta ga an natsu. Muka koma gindin dutsen. Yashin ya kwanta, sawun ƙafafu ya fito sarai, layi-layi. Muka bi na farko, ya kai mu ga wata mai fushi. Na biyu ya ɓace a cikin ciyawa. A ƙarshen na huɗu, a inuwar wani murjani mai kama da mafici, ga jar katantanwa tana tafiya, bakin jan ƙyalle na jan ƙasa a bayanta kamar jelar rigar amarya. Dinora ta kwanta a kan yashi, ta cire tsinken gashinta, ta jira. Ta fi minti goma tana lallaɓawa, irin lallaɓar da ake yi wa yaron da ya cusa wake a hanci. Ƙyallen ya fito. Ta warware, ta duba, ta sa zoben a aljihun rigarta ta ja zif.

Da muka dawo ba wanda ya taɓa ganga. Ta tafi kai tsaye wurin Rigoberto ta tsaya a kansa, ruwa na ɗiga daga gashinta.

"Tashi. A'a, kada ka tashi, durƙuson ya yi. Ga zoben. Kana da baki?"

"Ina da shi."

"To yi amfani da shi."

Ya yi tari. Ya sake yin tari. Duk filin ya karkato.

"Dinora, za ki aure ni?"

"Zan aure ka. Amma a Copán za a yi bikin, can kan dutse, inda ruwan da ya fi zurfi shi ne na cikin kofi."

Gangunan suka fashe. Aka fara zuba machuca, Doña Casilda ta aika a kwaso burodin da ta ɓoye, Rigoberto ya sa mata zoben a yatsan da ba shi ba, ta gyara da kanta. Na ɗauki kwano na kai wa Kawu a bakin gada. Har yanzu hannunsa na cikin bokiti, ƙaguwar ba ta gama shawara ba. Na ɗebo a cokali na ba shi a baki. Ya tauna a hankali, yana kallon masu rawa.

"Kan dutse ta ce?"

"Haka ta ce, Kawu."

"Za su buƙaci jagora." Ya haɗiye, ya buɗe baki don cokali na biyu. "Na taɓa ba ki labarin shekarar da na koya wa sojoji hawan dutse?"